Ɗanasabe Sifana Ya Je Biko

"Dut abin da Bature yaɗ ɗaure da noti, ni Ɗanasabe ina kwance shi ido ruhe, in maishe shi hiye da yadda anka ƙera shi!"

Haka Ɗanasabe Sifana yake faɗa kullum a teburin mai shayi na bakin tashar Talata Mafara, yana dukan ƙirji har shayin mutane na zuba. Kuma, aboki, kada mu ci haƙƙinsa, rabin maganar gaskiya ce. Wajen kwancewa dai ba a taɓa samunsa da laifi ba.

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, lokacin da tifofi suka fi jakuna yawa a hanyar Maradun, Ɗanasabe ya ɗan taɓa aiki wurin Turawan Italiya. Aikin nasa shi ne ya tsaya a mararraba da jan ƙyalle, ya tsayar da wannan tifa, ya ba waccan hanya. Bai daɗe ba aka sallame shi, ranar da ya ba tifa biyu hanya lokaci guda. Ya fito da hular kwano ruwan ɗorawa, da sifana ɗaya wadda har yau ba a san yadda aka yi ta biyo shi gida ba, da kalma biyu na yaren Turawan: "alora", wato "to", da "fiyano-fiyano", wato "a hankali". Da wannan jari ya naɗa kansa injiniya.

Ni kaina na ɗanɗana. Agogona na hannu mai ruwan zinari, wanda in na ɗaura shi mutane ke tambayata lokaci don kawai su ƙare masa kallo, ɗan jinkiri kaɗai yake yi. Tsautsayi ya sa na miƙa wa Ɗanasabe. Yanzu kam ya daina jinkiri. Yana nan tsaye cak a kan azahar, rani da damina. Har wasu 'yan ƙarafa ya ƙunso mini a takarda, wai rara ce Bature ya zuba a ciki don agogo ya yi nauyi. Saboda haka in ka ji gishiri ya ɗan yi yawa a labarin nan, ka yi mini uzuri, mai miki ne yake magana.

To, matarsa Batulu taliya take yi. Tana da injinta na murzawa da hannu, leburorin dam suna layi a ƙofar gida saboda taliyarta da manja da yaji. Da cinikin nan ake cin tuwo a gidan, don injiniya dai ba a ga abin da yake shigowa da shi ba sai baƙin mai a riga. Wata rana injin ya fara ɗan kuka, ƙiiƙi-ƙiiƙi, abin da ɗigon man gyaɗa zai kashe. Batulu ta tafi barka maƙwabta. Da ta dawo ta tarar da injinta a kan tabarma, gaɓa-gaɓa, an jera shi kamar naman layya, maigida na zaune a tsakiya yana cewa "alora". Ta dubi injin, ta dube shi. Ta ɗauki mayafinta, sai Bakura, gidan ubanta.

Da farko Ɗanasabe ya ce ko a jikinsa. Da ya ci rogo da ƙuli har haƙoransa suka fara gaisawa da juna, ya ƙona tukunya, ya ƙona ta biyu, sai ya tuna ashe aure sunna ne. Ya nemi taubashinsa Sanusi, mai sayar da goro, mutum mai bakin da zai sa kura ta ajiye akuya, ya ce ya raka shi biko.

Sanusi ya ce, "Zan raka ka, Sarkin Kwance-ka-gudu, amma da sharaɗi. Sihwanag ga a gida za ta kwana."

"Haba ɗan gwaggo! Biko za mu ko gareji?"

"Rantse."

"Ai mutum baya rantsuwa kan ƙaramin abu."

Suka hau a-kori-kura sai Bakura.

Ka dai san surukuta irin ta mutanenmu, balle gidan Malam Dikko, mahaifin Batulu, da ke da jinin Fulani. Tun daga bakin lungu Ɗanasabe ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. A zaure ya durƙusa can jikin ƙofa, kai a sunkuye. Ba ya kallon fuskar surukinsa, ba ya ɗaga masa murya, ba ya katse masa magana ko da gobara ce. Shi ma Malam Dikko ba ya kama sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye, sai dai ya bi ta kan Sanusi. Da yake ido ba ya zama banza, na Ɗanasabe da ya rasa inda zai sauka sai ya sauka a kan wata rediyo da ke rataye a ƙusa, an ɗinka mata riga da zaren kaɗi, tana magana tana ɗan shaƙewa. Yatsunsa suka fara ƙaiƙayi. Ya danne su da gwiwa.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida, da gajiya, da ruwa, da albasa, da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka mutu. Sannan Sanusi ya buɗe bakin nan nasa. Ya kawo haƙuri, ya kawo zumunci, ya kawo harshe da haƙori. Malam Dikko ya yi laushi, ya shafa gemu, ya ce, "To, Sanusi, tun da kai kaz zo da kanka, ai magana ta ƙare. Bari in kira uwatta ta haɗa ma..."

Jin haka Ɗanasabe ya ƙara duƙawa don godiya. Sai ji aka yi ƙwal! Sifana ta zamo daga aljihu ta faɗi tsakiyar zaure, ta yi 'yar rawa, ta kwanta.

Sanusi ya rufe ido ya ce, "Innalillahi."

Malam Dikko ya dubi sifana, ya dubi Sanusi. "Ashe abokin tahiyakka ya san aikin ƙarhe da gaske? Ni na ɗauka surutun mata na."

Sanusi ya buɗe baki zai ce a'a, amma Ɗanasabe ya riga shi, yana magana da ƙasa: "Gaya ma Baba, ai dam ɗin ga kanshi, da Turawa sunka rasa yadda za su yi da ƙohwar ruwa, wa anka kira?"

"Wa anka kira kuwa?" in ji Sanusi. "Mai jan ƙyalle?"

Malam Dikko bai ji wannan ba, don ya riga ya tashi. Ya shiga cikin gida ya turo wani abu lulluɓe da bargo. Ya yaye bargon a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya.

Keke ne, amma ba irin namu mai kariya da birkin sanda ba. Malam Dikko ya yi wa wani injiniyan Italiya aikin lambu, da zai koma ƙasarsu ya bar masa shi. Ja ne wur, tayoyinsa sirara kamar bulala, kansa a murɗe kamar ƙahon rago. A wilin baya yana da faifan haƙora biyar, manya da ƙanana, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da ƙafar fara wanda ke tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan. Wata siririyar waya ce ke jan ƙafar farar, daga wani ɗan hannu da ke jikin keken. Birkinsa ma duka biyu na waya ne. A Bakura kaf babu irinsa, kuma Malam Dikko ya fi son a taka masa albasa da a taɓa shi.

Wayar giyar ce ta tsinke. Tun daga ranar sarƙa ta koma kan ƙaramin faifai ta zauna, keke ya yi tauri, in tsoho zai hau sai an tura shi kamar motar da batir ya mutu.

"Ga sabuwa Bature ya bar mani," in ji Malam Dikko, ya buɗe wani gwangwanin biskit ya fito da waya a naɗe tana ƙyalli. "Ita ɗai ta. An duba Gusau, an duba Sakkwato, babu irinta. Shi ya sa ban ba kowa ba."

Sai ga murya daga bayan katanga, kamar an taka wutsiyar mage. Batulu ce.

"Baba! Don girman Allah kak ka ba shi! Baba, tambaye shi injin taliyata!"

"Ke! Wa yas sa bakinki cikin maganar maza?" Malam Dikko ya juya ga Sanusi. "Ga yadda za a yi. In giya ta shiga, shi tahi da iyalinai yau. In ba ta shiga ba, yarinya ta ƙara hutawa har a cire albasa."

Albasa kuwa ko wata ba ta yi da dashe ba. Sanusi ya dafe kai. Matar da aka riga aka ba su a hannu, ga ta an mayar an rataye a jikin waya.

Daidai nan aka aiko cewa an sako ruwa a layin su Malam Dikko, in bai je ya buɗe wa fadamarsa ba sai wani zagayen. Ya saɓa fartanya ya fita.

Fitarsa ke da wuya Ɗanasabe ya miƙe, ya gyara hular kwano, ya koma injiniya. Suka fito da keke gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya kifa shi ƙafafu sama.

"Alora!"

Ya zare tsohuwar waya daga ɗan hannun giya. Ya warware sabuwa, ya jera su a ƙasa kai da kai. Sabuwa ta fi tsawo nesa ba kusa ba.

"Ka gani ko? Halin Bature ke nan, almubazzaranci. Sanusi, in za a ɗunka maka sabuwar riga, da mi tela ka aunawa?"

"Da tsohuwa."

"To, ilimi ɗaya na."

Ya aro filaya wurin mai facin bakin hanya, ya daidaita sabuwa da tsohuwa, ƙat! Ya zura ta a ɗan hannun, ya bi da ita jikin keke, ya cusa ta cikin ɗan kubenta na roba, ya ja ta zuwa ƙafar fara. Waya ta zo saura taƙi guda ta ce nan ta tsaya. Ya ja, ta ƙi. Ya sa haƙori, ta ƙi. Da ya duba da kyau, sai ga guntun tsohuwar waya, taƙi guda cif, yana nan maƙale a notin ƙafar fara, yana leƙensa.

Sanusi ya zauna a ƙasa don dariya. "Injiniya! Da yagaggar riga ka auna! Kai wane irin tela na, mai auna wando da ƙahwa guda?"

"Ba gajarta ta yi ba, sanyi na ya kama ta. Ƙarhe shina takurewa."

"Da azahar? A Bakura?"

Ɗanasabe ya ɗauko guntun da ya yanke ya ƙulla shi da sauran, ƙulli irin na igiyar guga. Ya ɗaure noti, ya ja ɗan hannun giya. Ƙulli ya warware, bakin waya ya ɗalle shi a hanci.

Daga bayan katanga Batulu ta ce, "Na ji shiru. Irin shirun ga na ji ranar injina."

"Batulu, ke dai ki hwara ɗaure kaya."

"Na ɗaure. Na ɗaure akuyar Inna, kak ka kwance ta ita ma."

Gumi ya fara bin hular kwano. Ya jawo Sanusi gefe. "Ɗan gwaggo, bi Baba fadama. Riƙe shi da hira. Tambaye shi tarihin albasa tun daga Annabi Adamu."

Sanusi ya tafi yana share hawaye. Ɗanasabe ya tsuguna gaban keke, ya zuba masa ido, shi ma keke ya zuba masa. Can sai idonsa ya faɗa kan ƙahon ragon nan, inda wayoyi biyu suka fito suka yi baka, ɗaya ta tafi birkin gaba, ɗaya ta tafi na baya. Fuskarsa ta washe.

"Waya ai waya ta. Kuma mutum guda mi zai yi da birki biyu? Ko jaki da linzami guda aka tsai da shi."

Ya kwance ta gaba ya zare. Da ya gwada, ko rabin hanya ba ta kai ba. Ya ce to a mayar. Amma bakinta ya baje kamar gemun masara, kube ya ce bai san ta ba. Ya tofa mata yawu, ya murza, ya lallashe ta, ya zage ta, silin waya ɗaya ya shige masa farce. Ya jefar da ita bayan dalbejiya.

Saura ta baya. Ya daɗe yana kallonta, don ko shi ya san akwai magana. Amma ya tuna rogo da ƙuli, ya tuna albasa da sauran wata da watanni. Ya ce a ransa, ai aro ne. In giya ta shiga aka ba shi matarsa, sai ya ce wa Baba a bar keke ya kwana biyu kada a hau, mai ya ratsa shi, shi kuwa ya samo wayar birki a Mafara ya zo ya sa ba wanda ya sani.

Ya zare ta. Tsawo kam har da rara. Sai dai kanta ya fi ramin ɗan hannun giya girma. Ya kai ta kan dutsen wasa wuƙa na ƙofar gida, ya yi ta gurzawa, ya ƙwanƙwasa da sifana, har ta shige don dole. Ya bi da ita, ya ja da filaya, ya ɗaure noti sai da ya yi ƙara. Kubunan birki kuwa, da ba komai cikinsu, ya mayar da su mazauninsu, suka yi baka kyakkyawa kamar da.

Ya juya feda da hannu, ya ja giya. Sarƙa ta yi ƙarararar, ta tsallake faifai duka biyar ta faɗa cikin wili. Ya ciro ta, hannu baƙi ƙirin. A jikin ƙafar fara akwai wasu 'yan sukurori biyu ƙanana. Bai san aikinsu ba, amma ba a haifi sukurun da Ɗanasabe zai gani ya ƙyale ba. Ya sa bakin wuƙa ya murɗa ɗaya, sarƙa ta faɗo ta ɗaya gefen. Ya murɗa ɗayan, ta ƙi motsi sam. Ya murɗa wannan, ya sassauta wancan, ya manta wanda ya murɗa, ya sake.

To, aboki, ko makaho in ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu. Ana cikin haka sai ji ya yi ƙyas. Sarƙa ta hau faifai na biyu lafiya lau. Ƙyas, na uku. Ƙyas, ƙyas. Ya mayar, ta sauko ɗaya bayan ɗaya kamar mai saukowa daga tsani. Wallahi giya ta shiga! Shi kansa sai da ya ja da baya ya dubi hannuwansa.

Malam Dikko da Sanusi suka dawo suka tarar da shi ya jingina da dalbejiya yana fifita da hular kwano. Ya yi maza ya durƙusa, ya juya feda da hannu ɗaya. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Sanusi ya sunkuyo ya raɗa masa, "Kai, ina kas samo tsawo?"

"Ja niy yi. Waya kamar ƙirgi ta, in ka san inda kaka ja."

Malam Dikko kuwa baki har kunne. Ya birkito keke ya tsayar da shi, ya shafa sirdi. Ɗanasabe ya gyara murya ya ce wa ƙasa, "Sanusi, gaya ma Baba, keken ga..."

"Allah shi yi mai albarka!" in ji Malam Dikko.

"Amin, Baba. Sai dai..."

"Allah shi ƙara basira!"

"Amin. Wato..."

"Yadda yag gyara mani, Allah shi gyara mai duniya da lahira!"

"Amin, amin."

Ai ba a katse suruki, balle yana tsakiyar sa albarka. Kafin a kai amin ta ƙarshe, tsoho ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa, ya haye. Ya taka feda, keke ya tafi sumul kamar an shafa wa hanya man shanu.

Hanyar ƙofar gidan Malam Dikko kuwa, in ka bi ta, a hankali take gangarawa har bakin kanal, babbar hanyar ruwan dam, inda akwai wata 'yar gada.

Ɗanasabe ya zabura ya bi shi, ba takalmi, don ba a bin suruki da takalmi. Ya cim masa, yana gudu a gefensa a rusune, kai a ƙasa. Kuma ka san ba a faɗa wa babba magana gatsau ba sallama.

"Baba, sannu da hawa."

"Yawwa, sannu kadai."

"Ya iska?"

"Alhamdu lillahi! Kai, abin ga kamar doki!"

"Baba, in da hali, da ba a yi nisa ba."

"Bakin gada kawai za ni in juyo." Ƙyas, tsoho ya ƙara giya.

"Baba, wai a ce... a ce mutum shina tahiya, sai shi so tsayawa..."

"Sai shi tsaya mana!" Ƙyas.

Ƙaya ta soki Ɗanasabe, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, hular kwano ta rufe masa ido. Kafin ya ɗaga ta keke ya ba shi rata.

"Fiyano-fiyano, Baba!"

Malam Dikko, da ya zauna da Bature ya san kalmar, ya ɗaga hannu yana dariya. Ƙyas. Ya sa ta ƙarshe.

A kan gada kuwa ga wani jaki ɗauke da buhunan albasar bara ya tsaya a gicciye yana tunanin duniya. Malam Dikko ya matsa birkin dama, ya ji laushi kamar ya matsa nunannen tumatir. Ya matsa na hagu, haka. Ya matsa duka biyun. Ya sauke ƙafafu, takalmi ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Babbar riga ta kwance ta cika da iska, tsoho ya koma kamar laima. A nan ne fa Ɗanasabe ya yar da kunya, ya buɗe maƙogwaro, muryar da tun da ya yi aure Bakura ba ta taɓa ji ba:

"Babu birkiii!"

"Na ganiii!" in ji Malam Dikko.

Ya kauce wa jaki, don ko a wannan hali bai yarda a yi asarar albasa ba. Keke ya hau gefen kanal, ya ɗan tsaya a sama kamar zai yi shawara, sannan tsulum!

Mata masu wanki suka watse suna salati. Manoma suka yar da fartanya suka sheƙo. Ruwa dai iya ƙirji ne, Allah ya kiyaye. Malam Dikko ya miƙe tsaye a ciki, gansakuka a gemu, hularsa ta kama hanyar gonakin shinkafa ita kaɗai.

Ɗanasabe ya iso yana haki. Ya durƙusa a bakin kanal, ya sunkuyar da kai. Ya laluba duk gaisuwar da ya sani, ta aiki, ta hutawa, ta zuwa, ta rana, bai sami wadda ta dace ba. Ya ce:

"Baba... sannu da wanka."

Sanusi, da ya iso a bayansa, ya cusa hula a baki. "Miƙa mai hannu, ɗan banza!"

Ɗanasabe ya kawar da kai gefe, don ba a haɗa ido, ya miƙa hannu yana lalube. Ya ji ya kama wani abu, ya ja da ƙarfinsa duka. Sai ga keke ya fito, wilin gaba ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Ya dube shi, ya juya feda, ya ja ɗan hannun. Ƙyas.

"Sanusi, gaya ma Baba, giya dai tana nan daram."

Manoma ne suka fito da Baba.

A zaure aka zauna bayan la'asar. Malam Dikko na lulluɓe da bargon keke, yana atishawa. Marka, uwar Batulu, ta kawo masa kunu mai zafi ta tsaya bakin ƙofar ciki. Batulu na bayanta tana cewa, "Ai na hwaɗa. Ni kam sai an cire albasa, a dasa wata, a cire." Ɗanasabe na can jikin ƙofa, ya ƙanƙance har hular kwano ta yi masa yawa, yana lissafin rogon da ke gabansa.

Malam Dikko ya kurɓi kunu, ya ajiye. "Marka, haɗa ma yarinyag ga kayanta. Yanzu. Kahin motar Mahwara ta ƙarshe ta wuce."

Batulu ta leƙo. "Baba! Ni anka ɓata ma inji, kai anka jehwa ruwa, kuma a ba shi ni?"

Ɗanasabe ya fara kumbura a hankali kamar ƙullin fanke. Ya zunguri Sanusi ya raɗa masa, "Ka gani? Aiki shi ka magana. Babba ya san gwani." Daidai nan rediyon da ke rataye ta yi ƙurrr, ta shaƙe, ta ci gaba. Yatsun injiniya suka motsa da kansu. Ya gyara murya ya ce wa ƙasa:

"Gaya ma Baba, rediyon ga ma ƙaramin aiki na. In na dawo gaisuwa..."

Tsohon da aka tsamo daga ruwa ya yi tsalle ɗaya ya fizgo rediyo daga ƙusa, ya cusa ta cikin bargo ya rungume.

"Kin ji ko? Kin ji abin da nika gudu? In kin kwana gidan ga, gobe shi dawo biko. Yau keke, gobe rediyo, jibi haƙorin Makkan uwakki!"

Marka ta rufe baki da hannu ta koma ciki da sauri.

Malam Dikko ya sassauta murya. "Batulu, ɗiyata, aure haƙuri na, ki tahi ɗakinki. Amma in abin ya hi ƙarhinki har kin sake yin yaji, don Allah kak ki biyo ta nan. Ki wuce Maradun, gidan kawunki Hashimu. Shi gidanai babu abin da ad da noti, ko ƙohwatai asabari ta."